Hular Rasha da Gayaunar Fadama

Gummi, ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Shamsuddini,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a gidan gwaggonka a Kano, inda kake jiran takardun tafiyarka ƙasar Sin. Direba ya gaya mini kun ratsa dajin Anka da rana tsaka, babu wanda ya tare ku sai masu tallar masara. Alhamdu lillahi. Wanda ya tsare ka a wannan hanya shi zai tsare ka a sama, ya tsare ka a inda za ka sauka. Innarka na gaishe ka, ƙanwarka Rabi na gaishe ka. Kunnena na dama ma yana gaishe ka, don ya fara komawa girman kunnen ɗan Adam.

Na san da dariya a bakinka ka bar garin nan, kada ka ɓoye. Duk unguwa ma ita ake yi, kuma ni na jawo wa kaina. Ranar walimarka, da na ga ƙofar gida ta cika da baƙi, sai na ji ya kamata in yi wani abin da za a daɗe ana tunawa. Na hau tsohon rumbu na zaro hular nan ta Rasha mai gashi da kunnuwa, wadda na naɗe a buhu tun kafin a haife ka, don in ba ka saboda sanyin can. Innarka ta leƙo ta ce, "Malam, kakkaɓe ta tukuna." Na ce hular da ta ga ƙanƙarar Masko ba ta buƙatar kakkaɓa a Gummi. Na kafa ta a kaina gaban liman da mai unguwa, na ja kunnuwan na ɗaure a haɓa don in nuna maka yadda ake yi. Ashe wata kunama ta daɗe da tarewa a ciki, kuma ba ta son baƙo. Sauran ka gani da idonka. Igiyar ta ƙi kwancewa, ni kuma na ƙi tsayawa wuri ɗaya. Liman ya ce da farko ya zaci rawar Rashawa nake nunawa, shi ya sa ya kau da kai.

Abin da ya fi harbin zafi shi ne ban raka ka tasha ba, ban kuma ba ka amsar da na yi maka alkawari ba. Ka same ni kafin walima, ka durƙusa, ka ce gurbin karatun da ka samu zai biya makaranta da ɗaki, amma kuɗin jirgi da tufafin sanyi da kwamfuta a kanka suke. Ka ce Alhaji Bala ya taya gayaunarka ta fadama, wadda na yanka maka shekarar da ka gama sakandare, izinina kaɗai kake jira. Na ce zan ba ka amsa da safe. Da safe ina kwance da kunne kamar faifai. To ga amsar a takarda. Amma ka san ubanka, sai ya zaga gari kafin ya shiga gida. Ka karanta a jere, kada ka leƙa ƙasa.

Tukuna bari in faɗi abin da kunya ta hana ni faɗa a gabanka. Ina alfahari da kai, Shamsu. Ni a aji biyar na tsaya a firamare, kuma ko biyar ɗin malamin ne ya gaji da ganina a huɗu. Yau ɗana zai je ƙasar da ke ƙera injin ban-ruwan da nake fama da igiyarsa kullum, ya karanta ilimin ƙasa da ruwa. Babu rumfar da ban shiga ba a kasuwa don in faɗa. Mai gyaran babur ya ce in na sake gaya masa zai fara karɓar ladan saurare.

Ka taso ka ji ana ce mini Kwamared, ba ka taɓa tambayar dalili ba. Ga shi. Lokacin ina saurayi duniya gida biyu ce, Amurka da mutanenta, Tarayyar Sobiyet da nata. Kowanne na da rediyo mai magana da Hausa, kowanne na kushe ɗan'uwansa. Ni na zaɓi na Masko. Ba don na fahimci komai ba, sai don ya fi kamawa a gindin tsamiyar gidanmu, kuma maganarsu na da daɗi a kunnen talaka: babu ubangida babu bara, gona ta kowa, rumbu na kowa. A lokacin ne Malam Isa, wani ɗan unguwarmu, ya dawo daga karatun injiniya a can da hular nan a jakarsa. Na yi ta bin sa har ya ba ni ita don ya huta. Ya sha gaya mini cewa abin da rediyo ke faɗa daban, layin burodin da shi ya tsaya a ciki daban. Ban ji ba. Na ɗauka sanyi ne ya taɓa masa tunani.

Ku yaran yanzu a baki kawai kuka san gandu. A gidan kakanka duk maza tare muke noma babbar gona daga safe zuwa azahar, hatsinta ya shiga rumbu ɗaya, shi ake ci, a cikinsa ake fitar da haraji. Bayan azahar da ranar Juma'a kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan yankin da aka yanka masa, abin da ya fito nasa ne. Mata ma suna da nasu a bayan gida, kuɓewa da yakuwa da barkono. Wata damina kurkunu ya kwantar da kakanka, ƙafa biyu, ya damƙa mini gandu saboda ni ne babba. Mako bai zagayo ba na tara gida na sanar cewa an soke gayauna. Na ce son kai ne, jari-hujja ce, daga yau kowa zai yi wa kowa aiki daga safe har yamma. Da hular a kaina na yi wannan jawabi, gumi na bin wuyana.

Baffanka Sani, wanda a da da gudu yake tafiya gayaunarsa, sai ya kamu da wani ciwon baya mai tashi da azahar ya warke da magariba. Sauran samarin gidan suka koma sara ƙasa a hankali kamar suna tsoron tashin ta daga barci. Ni kuwa aikin duba aiki ya hana ni riƙe fartanya. Ciyawa ta tsere wa dawa tsawo. Mata suka bar shuka kuɓewa, miyarmu ta koma ruwa da gishiri da addu'a. Da kaka ta yi, kakanka ya dogara sanda ya zo ya leƙa rumbu, ya daɗe yana leƙe, sannan ya juyo ya ce, "To, Kwamared, ina hatsin jama'a? Ko can Masko anka kai shi?" Daga ranar sunan ya manne mini. Washegari ya mayar wa kowa gayaunarsa, bayan Sani kuma ya warke ba magani.

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne mutum na yi wa gida aiki da zuciya ɗaya in ya san akwai ɗan abin da zai nuna ya ce nasa ne. Sannan in wanda ya je wuri da ƙafarsa ya gaya maka abu, akwatin magana ya gaya maka wani, bi na mai ƙafa. Yanzu kai ne za ka zama mai ƙafar. In ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani, mai daɗi da marar daɗi. Kada ka dawo mana rediyo.

Wannan wauta ta kuruciya ce, damina ɗaya ta ci. Wadda ta biyo baya ita ce babba, kuma da gemu na yi ta.

Kakanka ya rasu a shekarun da Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Na kunna rediyo wata rana na ji ƙasar da nake yi wa kirari babu ita, ta tsage gida-gida. Na ji irin kunyar maroƙin da ubangidansa ya sulale ya bar shi da kalangu a hammata. Maimakon in zauna in yi tunani, sai na murɗa rediyon zuwa wancan gidan. Su kuma suna cewa kowa ya kama gabansa, a raba komai, a yi shi yanzu-yanzu, kasuwa za ta gyara sauran. Na karɓa da hannu biyu, kamar yadda na karɓi na farko.

Malamin da ya raba mana gado ya yi aikinsa yadda shari'a ta ce, kowa ya san rabonsa. Da zai tashi ya ce sanin rabo dole ne, amma babu wanda ya ce lalle mu raba aiki a ranar. Muna da shanun huɗa biyu da suka saba da juna, da garma da karkiya. Sani ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, a bar shanun ga tare ko damina biyu, har kowa ya tsaya da ƙafarsa." Na ce masa gandu ya mutu har a Masko, balle a Gummi. Kafin la'asar na ja sa ɗaya, Sani ya ja ɗaya, garma da karkiya suka faɗa rabon gwaggonninka aka sayar.

Ruwa ya sauka. Ga ni da sa, yana kallona ina kallonsa. Na aro garma na haɗa shi da jaki, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi arewa, kunyar da suka fitar ta yi kama da sawun maciji. Abin da ya kamata shi ne in taka zuwa ɗakin Sani in ce ka yi gaskiya, mu haɗa su. Girman kai ya hana. Sai na je masa da sabuwar dabara: ya ba ni nasa in sayar da duka biyun, in saro rediyoyi da batura a Sakkwato, kafin kaka in mayar masa da sa har da riba. Ya ba ni, don ni ne babba. Na shiga kara, kasuwar dabbobi, da shanu biyu da fuskar mai gaggawa, dillalai kuwa sun iya karatun fuska fiye da yadda na iya karatun boko. Alhaji Ɗanjumma, uban Alhaji Balan nan mai tayin gonarka, shi ya saye su a wulaƙance. Ashe garmar ma tuni tana gidansa. Rediyoyin kuma, rabi na bayar bashi ga abokan hira, rabi tsadar kaya ta cinye kuɗinsu kafin in koma saro wasu.

Damina ta zagayo, muka rasa abin huɗa. Muka biya aka zo mana da shanun haya daga gidan Alhaji. Shanunmu ne, Shamsu, da garmarmu, a gonar ubanmu. Sun san gonar, in sun kai ƙarshen kunya da kansu suke juyawa ba sai an ce musu komai ba. Sani na tsaye a kan iyaka yana kallo. Bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Gwashi wajen surukansa. Tun daga ranar har bana bai taɓa buɗe baki ya tambaye ni sansa ba.

A wajen wannan lokaci Malam Isa ya koma Rasha ziyara. Da ya dawo na je masa sannu da zuwa, ya ba ni labari. Ya ce gwamnatinsu ta raba wa kowa wata takarda a matsayin rabonsa na masana'antun ƙasa. Mutane na cikin yunwa, kuɗi ya zama ganye, sai suka riƙa sayar da takardun a kan buhun sukari ko takalmin sanyi. Wasu 'yan tsiraru masu wayo suka tattara, aka wayi gari rijiyoyin mai da ma'adinai nasu ne. Ya ce malamin da ya koya masa gina gada, a bakin titi ya same shi yana sayar da littattafansa da rigarsa ta sanyi. Na ce Allah sarki, waɗannan mutane ba su da hankali ne? Malam Isa ya dube ni ya ce, "Garba, ina shanun gidanku?" Na sha ruwan da aka kawo mini na yi sallama.

Daga baya Rashawa sun miƙe da kuɗin mai da shugaba mai nauyin hannu, duniya ta koma jin tsoronsu. Amma abin da ya shige aljihun 'yan tsirarun nan bai dawo wa jama'a ba, ga 'ya'yan jama'ar kuma yau a bakin daga.

Mutanen da za ka je wajensu, su wata hanya suka bi. Sun ma fi ni nisa a soke gayauna, don an ce har tukwanen girki sai da suka haɗe, yunwa ta kashe adadin da Allah kaɗai ya sani. Da suka farga sai suka yi irin na kakanka. Suka ce wa manomi ga yankinka, auna wa hukuma nata, abin da ya rage naka ne. Ba su watsa gandun rana ɗaya ba. Sai su gwada abu a wani yanki, in ya yi kyau su ƙara gaba, in bai yi ba su ja da baya ba tare da shela ba. Maigida ya ci gaba da zama maigida, da sandarsa a hannu. Yau ka zaga kasuwar Gummi ka gani, injin ban-ruwa nasu, babur nasu, wayar aljihunka tasu, fitilar da Rabi ke karatu da ita tasu. Ƙasar da aka sani da yunwa ita ce yau Amurka ke kwana da tunaninta.

Kada ka ce tsoho ya samu sabuwar Masko. A gidan nasu ba a mayar wa maigida magana, waɗanda suka gwada sun sha wuya, kuma akwai musulmi 'yan'uwanmu a wani yankinsu da labarinsu ba ya da daɗin ji. Na sa hula biyu a rayuwata, kowacce ta harbe ni. Kaina ya tsufa da ɗaukar ta uku. Abin da na ce ka koya a wajensu shi ne haƙurin gwaji. Abin da aka yi shekaru ana haɗawa, kada ka kwance shi da yamma ɗaya don wani ya ce zamani ya canja. Kuma kada ka taɓa shiga kasuwa da abin da ba ka da na biyunsa alhali kowa ya san kana sauri.

Akwai kuskurena na uku, shi ba na iya yin wasa da shi sosai. Shekarun da zinari ya tashi a ƙasar Anka da Bukkuyum, kana ƙarami, Rabi na rarrafe. Kowa ya ajiye fartanya ya tafi, ni ma na bi. Na dawo da buhunan dutse a bayan babur don in daka a gida in wanke, kamar yadda na ga ana yi a ƙauyukan can. Innarka ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Wanga dutse ba ya kwana gidan ga. Turmin da nika daka hatsin ɗiyana ba a daka ƙasa cikinai." Na yi mata bayanin arziki, na yi mata bayanin kasuwar duniya. Ta goya Rabi, ta kama hannunka, ta ce to in zaɓa, ko dutse ko su. Na kwashe buhunan ina gunaguni, ina cewa mace ta tare mini arziki.

Ba a daɗe ba labari ya fara zuwa daga Tungar Guru da ƙauyukan da ke kewaye, yara na sanƙarewa suna mutuwa. Likitoci suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar dutsen da ake daka a tsakar gida. Na je ta'aziyya wajen dangin Innarka. Na ga kaburbura a jere, babu wanda ya kai tsawon tabarmar salla. Da na dawo na zauna a zaure na kasa shiga ciki. Innarka ba ta taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Ita ba ta yi ko aji ɗaya ba, ba ta san Masko ba, ba ta san Sin ba, amma a gidan nan ita ce mai ilimin ƙasa kafin kai. Zinarin ya hau mota ya hau jirgi ya tafi ƙasashen da nake jin sunansu a rediyo. Ƙurar ta zauna tare da mu. Ina jin abin da ka ji ana faɗa a lokacin ne ya sa ka zaɓi wannan karatu, ko da ba ka taɓa gaya mini ba.

Yanzu manyan sun sake ɗaura ɗamara. Amurka da Sin na ja-in-ja a kan kasuwa, Rasha da Turawa a kan yaƙi, kuma dukansu sun tuna da mu, kowa na zuwa da murmushi. Da na ji wasu samari a birane sun ɗaga tutar Rasha, na yi dariya har na ƙware. Na ce yaran nan sun makara, ni na riga su tun ba a haifi iyayensu mata ba, ga kuma abin da na samu. Ka san yadda manyan 'yan kasuwa ke kewaye manomi da kaka in ya shigo da buhun shinkafa. Kowanne na rantsuwa cewa mudun ɗan'uwansa na cuta ne, kuma kowanne gaskiya yake faɗa. Manomin da ya san nauyin buhunsa shi ke komawa gida da fara'a.

Saboda haka ka girmama malamanka, ka gode wa waɗanda suka biya maka karatu, ka yi musu ladabin baƙo. Amma ka sani ba don kyan fuskarka suka biya ba, fuskata ka gado. Suna da abin da suke nema, kai ma ka riƙe naka. Kada ka zama maroƙin kowa. In wani ya zo maka da aiki a Rasha ko wata ƙasa, albashi mai tsoka amma bai faɗi irin aikin ba, ka ce ubanka ya hana, ka ɗora mini laifin, na saba ɗauka. In ka gama wani kamfani ya ce ka rako shi ƙasar Anka ka yi masa tafinta, ka fara tambayarsa abin da zai bari a cikin ƙasa da rijiyoyi ranar da zai tafi. In ya yi dariya, kai kada ka yi.

Ka riƙe salla ko da a lungun ɗaki ne. Ka tambayi abin da ke cikin kwano kafin ka sa hannu, in ba ka gane amsar ba ka ci shinkafa da ƙwai. An ce da tsinke biyu suke cin abinci, ka koya a ɓoye kafin ka yi a gaban mutane, kada ka yi irin ta ubanka da hula. Bakin nan da ka gada wajena ka sa masa linzami a kan siyasarsu. Ka kira Innarka duk Juma'a. Za ta ce ba komai, ƙarya take, tun da ka tafi take zuba tuwonka a kwano sannan ta tuna.

To, ga amsarka. Ban yarda ba. Gayaunarka ba ta sayarwa ba ce. Alhaji Bala ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, ya ga fuskar mai sauri kamar yadda ubansa ya ga tawa. In ka sayar, wata rana za ka dawo da digiri ka tsaya a kan iyaka kana kallon wani na girbe shinkafa a inda ka koyi riƙe lauje. Na ga wannan tsayuwar sau ɗaya, ba na son in sake gani a gidana. Kuma ina son ka tafi kana da wurin da zai riƙa kiranka.

Amma ba hana ka na yi na bar ka da hannu wofi ba. Ka san jan san nan da na turke a bayan gida, wanda na ce wa kowa na layya ne. Ba na layya ba ne, na Baffanka Sani ne. Na sha tayar da maraƙi da niyyar kai masa, kowane karo wani abu ya cinye shi, ko auren yayarka ko asibiti. Wannan ne kaɗai ya tsira ya girma. Sani ya zo walimarka daga Gwashi, ka ga ai shi ya yanke igiyar hular da wuƙa, shi kuma ya zauna jinyata bayan ka tafi. Ina kwance na gaya masa komai, maganar sa da maganar gonarka. Ya tashi ya zaga baya wajen san, ya daɗe. Da ya dawo ya ce, "Sa ya yi kyau, Yaya. A kai shi kara."

Na ce ai naka ne.

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nika cewa a kai shi. Amma ba kai za ka yi cinikin ba."

Ranar kasuwa shi ya ja shi da kansa, ni ina biye da ƙyalle a kunne, an hana ni magana. Ya zauna a inuwa kamar wanda ya zo shan iska. Dillalai su taya, ya girgiza kai, ya kwance igiya kamar zai koma gida, su biyo shi. Sai bayan la'asar ya sallama, a farashin da ni ko a mafarki ban taɓa sayar da komai ba. Kuɗin na wajen mijin gwaggonka. Za su kai ka jirgi, su saya maka rigar sanyi, da kwamfuta in ba mai girman kai ka zaɓa ba.

Gonarka kuma ba za ta kwanta ba. Sani ya ce in ruwa ya janye zai zo da shanunsa biyu mu huɗe ta tare, shi a gaba ni a bayan garma, shinkafar a zuba ta daban da sunanka. Sharaɗinsa ɗaya, kada in yi wa kowa jawabi.

Da zai hau mota na tambaye shi ko wannan na nufin ya yafe mini. Ya ce a'a. Ya ce wancan kyauta ce ya yi wa ɗansa Shamsu, ba ruwanta da ni, shi har yanzu yana jiran sansa. Wallahi ban taɓa jin daɗin a ce ana bina ba sai ranar. Shekara da shekaru ya yi shiru, shirun nan ya fi mini komai nauyi. Sai ga shi ya tambaya da bakinsa, yana dariya.

Da kaka zan sayi maraƙi. Wannan nauyi nawa ne, kada ka aiko ko kwabo a kansa, in ka aiko zan mayar. Abin da nake so a wajenka shi ne ka gama ka dawo, ka auna mana ruwan rijiyoyin nan ka gaya mana gaskiya, sannan ka rako ni Gwashi, ni da igiya a hannu.

Hular kuwa Innarka ta jefa ta a murhu, unguwa ta yini tana warin ƙonannen akuya. Ka sayi sabuwa a can, ka kakkaɓe kafin ka sa.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya buɗe maka ƙirji, ya haɗa ka da mutanen kirki ko da ba ka jin harshensu. Ya tsare mana garuruwanmu da hanyoyinmu, ya dawo mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ka gaishe da gwaggonka da maigidanta.

Ni ne ubanka,
Garba, wanda ake ce wa Kwamared,
wanda har yanzu ƙanensa ke bin sa sa guda.